Saitin bawul ɗin jere: silinda ta biyu tana tashi kafin ta farko ta gama

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina da injin haidrolik mai silinda biyu a kan famfo ɗaya, ta farko tana damƙe ƙarfe, ta biyu kuma tana tura bakin huji. Na saita bawul ɗin jere (wanda ke sa ta biyu ta jira ta farko) a matsin bar 55, bawul ɗin rilif kuwa (mai sakin mai zuwa tanki idan matsi ya yi yawa) a bar 65. Da safe bakin hujin yakan fara sauka tun ƙarfen bai gama damƙuwa ba, amma idan injin ya yi zafi komai sai ya daidaita. A ina kuskuren yake?

Tsohon makaniki:
Wa alaikumus salam, Malam. Bawul ɗin jere bai san inda silinda ta kai ba, matsi kawai yake ji, kuma da zarar matsin mashigarsa ya kai abin da aka saita zai buɗe. Man haidrolik idan ya yi sanyi kauri yake yi, don haka tura shi ta cikin bututu yana cin matsi fiye da na rana. Ka ɗaura geji, wato ma'aunin matsi, a mashigar bawul ɗin, ka karanta matsi mafi girma da silinda ta farko take buƙata lokacin tafiyarta da sanyin safiya, sannan ka ɗora bar 10 zuwa 15 a kai. Shi ma rilif ya kamata ya haura saitin jere da kwatankwacin wannan tazara, in ba haka ba sai su riƙa buɗewa tare.

Mai zanen injina:
Maganar dattijo daidai ce, sai dai kada a wuce gona da iri. Idan aka saita jere a bar 75 alhali hujin bar 35 yake buƙata, bambancin bar 40 ɗin nan zafi yake zama, wanda a gudun lita 30 cikin minti ɗaya ya kai kilowat 2. A kuma tabbata bututun da ke tsiyaye mai daga ɗakin sifirin na bawul ɗin jere ya koma tanki shi kaɗai, domin duk matsin da ya taru a cikinsa ƙaruwa yake yi a kan saiti. A ganina, inda hannun mutum yake kusa, a ƙara makunnin da ke tabbatar da isar silinda, saboda ko maƙalewa ta yi a hanya bawul ɗin zai buɗe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na auna da safiyar yau, allurar geji ta taɓa bar 57 kafin man ya ɗumama. Na mayar da jere bar 70, rilif bar 85, kuma hujin bai sake yin riga-malam-masallaci ba. Saura makunnin.