Wane fim ne ya sa ka ce har yanzu da sauran mutanen kirki?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan Damagaram. Kwanan nan duk abin da ake turo wa mutum a waya, in ba kisa ba to damfara, har zuciya ta fara ɗaukar kowa mugu. Shi ya sa na ce mu yi musaya. Wane fim ne ka kalla ka tashi kana jin da sauran alheri a duniya? Kada a tsaya ga suna kawai, a faɗi inda aka kalla da wurin da ya taɓa mutum.

Malamar CM2: Wa alaikumus salam. Nawa na ƙasar Iran ne, Children of Heaven, na 1997, wanda Majid Majidi ya shirya. Wani yaro ne ya kai takalmin ƙanwarsa gyara, ya ɓace masa a hanya, kuma gidansu ba halin sayen wani. Sai suka ɓoye wa iyayensu, suka koma amfani da nasa guda ɗaya: ita ta sa ta je lakwal da safe, ta dawo da gudu ta cire masa a lungu, shi ya zura ya ruga. Na nuna wa ƴan ajina a kwamfuta wata ranar Asabar. Ba Farisanci suke ji ba, rubutun Faransancin da ke ƙasa kuma sauri yake musu, amma ba wanda ya nemi in yi bayani. Da aka zo inda yarinyar ta gane takalminta a ƙafar wata ɗaliba, ita da yayanta suka bi ta har gida don su karɓa, suka tarar mahaifinta makaho ne, suka juya ba su ce uffan ba, sai wani yaro daga bencin baya ya ce, "Madam, ai sun fi su buƙata." Wannan yaron da kansa silifas ɗinsa da waya aka ɗaure igiyarsa. Ni a nan na kasa ci gaba da kallon allon.

Mai Kabu-kabu na Zongo: Madam kin fara da mai nauyi. Mu a fada Indiya muke kallo, mai fassarar Hausa, ana dafa shayi. Bajrangi Bhaijaan na Salman Khan, 2015. Yarinya bebiya ƴar Pakistan ta ɓace a Indiya, shi kuma Bahinde mai riƙo da addininsa ya ɗau alkawarin sai ya kai ta hannun uwarta, ba fasfo ba biza. Abin da ya kashe mana jiki shi ne malamin nan da ya ɓoye shi a masallaci lokacin da ƴan sanda ke nemansa, bai tambaye shi me kake bauta wa ba. Shayin ranar har ya ƙone, ba wanda ya kula.

Baban Yara: Ƴaƴana, ku yi haƙuri in zuba muku ruwan sanyi. Ni ma na yi hawaye a kan Hotel Rwanda lokacin da ya fito a 2004. Manajan otel a Kigali, ya ɓoye mutum sama da 1,200 a kisan kiyashin 1994. Daga baya wasu daga cikin waɗanda suka tsira a otel ɗin suka fito suka ce ba haka abin ya kasance ba, har kuɗi aka karɓa a hannunsu. Wasu kuma suka kare shi. Tun daga nan nake kaffa-kaffa. Mai fim ya san inda zai sa kiɗa ya matso maka hawaye, mu kuma mu riƙa yi wa rogo kallon kitse.

Malamar CM2: Baba, maganarka gaskiya ce a kan fim ɗin da ya ce tarihi yake bayarwa. Amma nawa ƙage ne, bai ce ya faru ba. Abin da ya faru shi ne maganar da yaron nan ya yi a ajina, ita kuwa ba kiɗa aka sa mata ba.

Ƴar Kara-Kara: Ku bar Iran da Indiya, ku dawo gida. Aïcha Macky ƴar garin nan ce, kuma fim ɗinta na 2021 sunan garin ta sa masa, Zinder. A unguwarmu ta ɗauke shi. Wanda ya tashi a nan ya san yadda ake yi da mu: Kara-Kara tun asali wurin da aka ware kutare ne, sai tabon ya bi ƴaƴa da jikoki. Ka ce daga can kake, mai kabu-kabu ya fara duba agogo. Sannan ga ƴan palais, wato gungun samari ƴan daba, waɗanda sunansu kaɗai yake sa mata su ja yaransu cikin gida.

Ban shiga kallon da daɗin rai ba, don na zaci tallar asirinmu za a yi wa Turawa. Kuma ba ta ɓoye komai ba, ga tabon wuƙa a jikin samari, ga fasa-ƙwaurin mai daga iyaka, ga gidan kaso. Sai dai ta zauna da su har suka yi magana kamar mutane. Akwai tsohon ɗan palais da ya koma kabu-kabu, yana faɗin abin da ya aikata da bakinsa, ba ya neman a wanke shi. Akwai masu ɗaga ƙarfe da ke fasa dutse da rana, suna shawarar haɗa kai su zama masu gadi don su ci halal. Alherin da na gani ba a cikin labarin kaɗai yake ba. Mace ce da ta tashi a wani ɓangaren gari, ba abin da ya tilasta mata, ta tako ta zo ta saurari waɗanda kowa ke tsallakewa. Baba, wannan ba ƙage ba ne, wasu fuskokin ina gaisawa da su a bakin famfo.

Mai Kabu-kabu na Zongo: Yaya, zancen duba agogon nan dai ba ni ba. Ko da dare in kin kira zan kai ki.

Baban Yara: Na ji, ƴata. Wannan ban kalla ba, zan sa a nemo mini.

Ɗalibin Jami'ar André Salifou: Ni The Boy Who Harnessed the Wind, na 2019, labarin William Kamkwamba na Malawi. An kore shi daga makaranta saboda kuɗi a lokacin yunwar 2001 zuwa 2002, ya riƙa shiga ɗakin littattafai yana duba zanen injuna, har ya haɗa fanka mai ba da kuran da tarkacen bola da keken babansa. Mun kalla da innata a Mirriah lokacin hutu. Ni injin nake bi da ido, ita kuwa ba ruwanta da shi. Inda iyalin suka koma cin abinci sau ɗaya a yini ta ce in tsayar. Ta ce haka aka yi a 2005, kuma wata maƙwabciya ce ta riƙa miƙo musu kwanon gero ta kan danga da dare don kada mazan gida su gani su ji kunya. Ni da aka goye a lokacin ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma matar tana nan da ranta, kullum ina wuce ta da gaisuwar sama-sama. Washegari innata ta aike ni gidanta da sukari da goro.

Ɗan Birni: Madam, na Iran ɗin nan akwai shi da fassarar Hausa? Ina son tsohuwarmu ta gani.

Malamar CM2: Nawa rubutun Faransanci ne kawai, amma ka zauna kusa da ita, ba za ta buƙace ka sosai ba. Ka kawo katin waya ranar Asabar bayan la'asar in zuba maka. Ɗalibi, kai ma ka taho da na Malawi, ƴan ajina sun kai darasin wutar lantarki.