Waken suya: wa ya fi shan ƙwari, mai shukar wuri ko mai ta baya?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Don Allah masu noman waken suya kowa ya faɗi abin da ya gani a gonarsa, shukar farkon damina da ta baya wacce ƙwari suka fi damu? Ina so in tsara ta baɗi ne.

Tsohon manomi: Wa alaikumus salam. Ni dai a wurina shukar wuri tsutsar ganye ce matsalarta, za ka ga ganye duk huji hankalinka ya tashi, amma waken suya akwai juriya, kafin ya yi fure ko ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ganyensa yana murmurewa. Ta baya ita ce abin tausayi, saboda koren ƙwaron nan mai wari da ke tsotse kwanso, da zarar gonakin da aka shuka da wuri sun fara bushewa sai su taso gaba ɗaya su sauka kan wanda kwansonsa ke ɗanye, a tsaye gona ta yi kyau amma ranar sussuka ka ga ƙwayar duk ta motse.

Mai gona biyu: Baba gaskiya ka faɗa. Na raba gonata biyu da tazarar makonni tsakani, ta bayan har darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, da farin ƙuda sai da suka taɓa ta lokacin da ruwa ya ɗan ɗauke. Abin da ya ban mamaki ta farkon cike take da gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi, shi kam darɓa ce abincinsa, 'ya'yansa ma ita suke ci. Zanzaro kuma ina gani da idona yana ɗauke tsutsa.

Hajiya: To ai nan gizo ke saƙar, malam. Maƙwabcina na ganin huji a ganye ya ɗauko maganin ƙwari cypermethrin ya feshe gonar kaf, ya kashe masu cin ƙwarin duka, ba a jima ba darɓa ta dawo fiye da da, ba mai tare ta.

Mai tambaya: Hajiya kenan kar a yi feshi sam?

Hajiya: A'a a yi mana, amma a fara dubawa. Da sassafe ka shimfiɗa farin buhu tsakanin layi ka girgiza shukar, duk abin da ke ciki zai zubo ka gan shi. Lokacin da kwanso ke cika shi ne ba a wasa. Ka riƙa juya ganye kuma, ƙwan mai warin nan a jere yake a ƙasan ganye, in ka ga ya koma baƙi ka bar shi, wata 'yar mitsitsiyar rina ce ta yi nata ƙwan a ciki.

Tsohon manomi: Sai dai fa kar a ji an ce wuri a zarce. In ya nuna ana tsaka da ruwa, ka tsira daga ƙwaro amma kwanson zai ruɓe maka a tsaye. Ɗana wane iri ne a hannunka, mai saurin nuna ne ko mai daɗewa? Daga nan za mu lissafa maka baya.