Neman shawara: zan kai Inna bakin tekun yammacin Ayilan, ta ina zan fara?

Malamin Ƙauye:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina kuma taɓa noma. Ƙanwata tana aikin jinya a Limerick, a Jamhuriyar Ayilan, ta ce in raka Innarmu mu yi mata mako uku. A ciki za ta samu hutun kwana takwas, tana so ta nuna wa Inna teku, don Inna ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba. Shekarunta 67, gwiwa tana damunta, ba ta jure sanyi.

Wane wata ya fi? Bizar Birtaniya za mu nema ko wata daban? In yi hayar mota ko mu bi bas? Abinci da salla fa? Na ga ana maganar wata hanya mai suna Wild Atlantic Way, za mu iya gama ta a kwana takwas? Allah ya saka da alheri.

Na Bakin Kasuwa:

Wa alaikumus salam Malam. Ajiye maganar teku tukuna, biza ce gaba, kuma a nan mutanenmu suka fi yin asarar kuɗi.

Jamhuriyar Ayilan ba ta cikin Birtaniya, ba ta kuma cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya. Bizarta daban ce. Wadda kuke buƙata ita ce ta gajeren zama, ajin C, iyakarta kwana 90, ba a aiki da ita. Ana cike fom a intanet, a shafin da suke kira AVATS, sannan a kai takardu cibiyar VFS a Abuja ko Legas, a ɗauki zanen yatsu. Wato dole Inna ta je da kanta. Kuɗin biza yuro 60 ne na shiga ɗaya, yuro 100 na shiga da yawa, ban da ladan cibiyar. A ƙiyasta mako takwas kafin amsa, ana kuma iya nema tun wata uku kafin tafiya. Kada ka sayi tikitin jirgi sai biza ta fito.

Takardun: fasfo da zai rage da aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, wasiƙar gayyata daga ƙanwarka mai adireshinta da ranakun zuwa da komawa, kwafin fasfonta da katin zamanta, bayanan asusun banki na wata shida, naka da na duk wanda zai ɗauki nauyi, sai wasiƙar wurin aikinka mai nuna an ba ka hutu da ranar da za ka koma aji. Inshorar lafiya ta tafiya ku riƙe ta a hannu, jami'in filin jirgi yana iya tambaya.

Abu biyu suka fi kayar da mutane. Na farko, a zuba kuɗi mai kauri a asusu sati biyu kafin nema, ba bayani. In ka sayar da riɗi ko bijimi ne kuɗin ya shigo, ka rubuta haka, ka haɗa da shaida. Na biyu, rashin nuna abin da zai dawo da kai gida. Kai albashi ya rufa maka asiri. Inna ce abin dubawa: a nuna gona ko gida da sunanta in akwai, da sauran 'ya'ya da jikokin da ke nan. Duk takardar da ke Hausa ko Larabci sai an fassara ta, mai fassara ya sa hannu da hatimi. Kada ka bari wani ɗan kanzagi ya "gyara" maka takarda, ta bogi tana jawo haramcin neman biza har shekara biyar. 

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Dublin. Ku bi ta Santambul ko Doha daga Abuja. Ku guji tikitin da ya ratsa Landan ko da ya fi araha, don yana iya buƙatar bizar Birtaniya. Haka Ayilan ta Arewa, inda Belfast take: ba shinge a kan iyaka, mota wucewa kawai take, amma shiga ba bizar Birtaniya laifi ne.

Hajiyar Gumel:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Hanyar da ka ambata kilomita 2,500 ce, daga Donegal a arewa har Kinsale a kudu. Cire ta a ranka. Wanda ya ce zai gama ta a kwana takwas da tsohuwa a mota, gilashin mota kawai za ta gani. Limerick tana tsakanin yankuna biyu masu kyau, Clare a arewa da Kerry a kudu maso yamma. Su biyun sun ishe ku.

Wata kuwa, Mayu. Ruwa ya fi sauƙi a lokacin, rana tana da tsawo, masauki bai yi tsadar Yuli da Agusta ba, lokacin da makarantunsu ke hutu. Kai ma ka dawo kafin shuka ta kankama a Jigawa. Satumba ba laifi, sai dai ta haɗu da girbin gero. Ka dai duba hutun makarantarku da ranar Salla. In dole sai Agusta, ku sani garin Killorglin yana bikinsa daga 10 zuwa 12 ga wata, Tralee ma tana nata a watan, ɗaki yakan yi wuya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kada ma a fara: rana tana faɗuwa da wuri, a Disamba wajen ƙarfe huɗu da rabi, iska da ruwa ba sassauci, jiragen ruwa da yawa sun tsaya.

Kada kalmar bazara ta ruɗe ku. Zafinsu na Yuli bai cika wuce digiri 18 zuwa 20 ba, wato safiyar hunturu a wurinmu. A wasu sassan yamma ruwa yana sauka kwana sama da 200 a shekara, ba irin namu mai hadari da tsawa ya zuba ya wuce ba, yayyafi ne mai naci da iska ke kaɗowa ta gefe. Lema ba ta aiki a bakin teku, iska ke juya ta. A saya wa Inna rigar ruwa mai hula, rigar sanyi ta ulu, dogon wando mai ɗumi da za ta sa ƙarƙashin zane, safa mai kauri ƙafa uku, da takalmi rufaffe mai ƙasan roba. Silifas a kan jiƙaƙƙen dutse karaya ce. Hijabi ya zama mai ɗan nauyi, a kama shi da fil. Waɗannan kaya ƙanwarka ta saya a can, sun fi dacewa da yanayin.

Ga yadda zan raba kwanakin. Biyu a Clare. Daga Limerick zuwa Cliffs of Moher kamar kilomita 80 ne. Bangon dutse ne da ya miƙe daga cikin teku, tsawonsa a kwance kilomita 14, inda ya fi bisa mita 214. A sayi tikiti a intanet, ya fi araha, a je kafin ƙarfe goma ko bayan huɗu, don tsakiyar rana motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke cika wurin. Kusa da ofishin baƙi hanya shimfiɗaɗɗiya ce da katanga, akwai kuma ƙananan motocin lantarki masu ɗaukar wanda tafiya ke yi wa wuya. Kada kowa ya ƙetare katanga don hoto, bakin yana zaizayewa, iska tana ture mutum, an sha rasa rayuka. In kun tashi kun ga hazo ya rufe, ku ɗaga zuwa yamma ko gobe, don ba abin da za ku gani. Shi ya sa ake kwana kusa, a Doolin ko Lahinch.

Kai da kake noma, ka bi ta Burren, ƙasar farar duwatsu da ke arewa da nan. Makiyayansu suna hawa da shanu kan dutse da hunturu su sauko da su da bazara, saboda dutsen yana riƙe ɗumi kuma ƙasan ba ta caɓewa. Gonakin duk masu shi ne, kada a buɗe ƙofar wani a shiga.

Sauran kwanakin a garin Killarney da ke Kerry, kamar kilomita 110 daga Limerick. In daga Clare za ku gangara, akwai jirgin fito daga Killimer zuwa Tarbert, minti 20 da mota a ciki, ya rage muku zagaye. Gandun Killarney shigarsa kyauta ne, akwai keken doki da zai zaga da Inna bakin tafki har gidan Muckross ba ta taka ba. Rana ɗaya ga zagayen Ring of Kerry, kilomita 179, rana ɗaya ga Dingle da hanyar Slea Head. Ku bar kwana ɗaya ba shiri, na ruwa ne ko na gajiya.

Za a nuna muku hoton tsibirin Skellig Michael. Ba na Inna ba ne: kilomita 12 cikin teku mai tangaɗi, da matakala sama da 600 ba abin dafawa.

Direban Haɗeja:

Hajiya ta gama magana a kan wurare. Ni a kan mota zan tsaya, kuma Malam, shawarata kada ka tuƙa. Hagu suke bi, sitiyari yana dama, giya a hannun hagu. A babban titi ba matsala. Matsalar tana shataletale, inda ake zagayawa ta hagu a ba wanda ya fito ta dama hanya, da kuma lokacin da ka fito daga gidan mai da safe, hannu ya koma abin da ya saba. Hanyoyin Kerry sirara ne, katangar dutse dama da hagu, ba gefen kaucewa, ga tumaki da tarakta da masu keke. Kilomita 179 ɗin nan yini guda ne in za a tsaya kallo.

In ƙanwarka tana da mota, ita ta ja. Kada ka karɓe ta sai an sa sunanka a inshorarta. In haya ce, kamfanoni suna neman lasisinka da lasisin ƙasa da ƙasa, wanda ake yi tun a gida, da katin bashi mai sunan direba don ajiyar jingina, yawanci ba sa karɓar tsabar kuɗi. Galibin motocin masu giyar hannu ne, atomatik ta fi tsada kuma sai an kama tun da wuri. A ɗauki ƙarama, a sayi cikakkiyar inshora mai haɗe da taya da gilashi, don madubin hagu da tayar hagu su ne ke gogar katanga. A ɗauki hoton motar ta ko'ina kafin a tashi. Iyakar gudu, kilomita a awa: 120 a babban titi, 100 a hanyar ƙasa, 80 a ta yanki, ƙananan hanyoyin karkara kuma an mayar da su 60 tun Fabrairun 2025. Titin M50 da ya kewaye Dublin yana da kuɗin hanya amma ba shinge, kyamara ke ɗaukar lamba, a biya kafin ƙarfe takwas na daren washegari ko tara ta hau.

A Ring of Kerry manyan bas suna fara bi ta Killorglin. Baƙon direba ya bi bayansu ko ya riga su fita, ya fi ya yi gaba da gaba da su a kwana. Hanyar Conor Pass ta Dingle, mai hawa mita 456, a wani wurin mota ɗaya take ɗauka, ga rami a gefe. A bar ta.

Ba mota ma ana yi. Daga Limerick jirgin ƙasa zuwa Ennis, daga nan bas mai lamba 350 ta bi ta Cliffs of Moher da Doolin har Galway. A Killarney kuma akwai bas na yini da ke yin zagayen ya dawo da ku.

Uwar Biyu:

Yaya, ga na ciki da na ibada. Kada a sa kilishi, dambun nama, man shanu ko wani abin madara a jaka. Dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da madara daga waje, ƙwacewa za a yi. Maganin Inna ya tafi cikin kwalinsa da takardar likita, ya kuma isa har dawowa.

Ku kama gidan haya mai kicin maimakon otal, ku yi girki. Akwai shagunan naman halal a Limerick da Galway da Tralee, a ƙauyukan bakin teku kuwa da wuya, don haka a saya tun daga Limerick a sa a kula. Shinkafa, ƙwai, dankali da kifi suna nan a manyan shagunan Lidl da Aldi. A gidajen kwana masu ba da kumallo, farantin da suka saba kawowa yana da naman alade iri biyu da wani baƙin abu da ake yi da jini. Tun da dare a ce ƙwai da burodi da kunun alkamarsu kawai ake so. Soyayyen kifi a tambaya ko an kwaɓa fulawarsa da giya, miyar kifi mai madara ma wani lokaci ana yanka alade a ciki.

Salla: a ƙarshen Mayu da Yuni rana tana fitowa wajen biyar na asuba, ta faɗi kusan goma na dare, isha ta kai sha ɗaya da wani abu. A karɓi jadawalin masallacin Limerick a bi, manhajojin waya suna saɓawa da juna a wannan lokaci. Alƙibla a can gabas ce mai karkata kudu, ba mai karkata arewa kamar tamu ba. Ana yin Juma'a a Limerick, Tralee da Galway, a tsara ranar da haka. Maganar kasaru ka zauna da limaminku da jadawalin kwanakin a hannu, tunda niyyar zaman kwana huɗu a wuri tana yanke ta. A sa ƙaramar buta a jaka, banɗakunansu ba famfon tsarki. Agogonsu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da namu, soket ma mai baki uku ne irin namu.

In Inna ta ce sai ta taɓa teku, a kai ta rairayin da ke da masu ceto, tsakanin tuta ja da rawaya, ƙafa kawai. Ruwan ko a Agusta bai wuce digiri 15 zuwa 16 ba, kuma yana ja ta ƙasa. Lambar gaggawa 112 ko 999.

Malamin Ƙauye:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tsaya a kan Mayu, kwana biyu Doolin, biyar Killarney, ƙanwata ce za ta ja. Tambaya ɗaya ta rage: fasfon Inna saura wata tara ya ƙare.

Na Bakin Kasuwa:

Ƙirga daga ranar da za ku baro Ayilan, ba daga yau ba. In kun nema yanzu, kuka tafi bayan wata uku, kuka yi mako uku, abin da zai rage bai kai wata shida ba. A sabunta shi kafin a cike fom, don lambar sabon ce za ta shiga fom da wasiƙar gayyata. Tsohon ma kada a yar, a haɗa shi cikin takardu, musamman in da hatimin Hajji ko Umara a ciki, shaida ce cewa ta taɓa fita ta dawo.