Neman kalma: gidan da ake haɗawa a sutudiyo domin wasan barkwanci na talabijin

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Asabar mai zuwa zan gabatar da shiri a rediyo kan fasalin gidajen iyali a tsofaffin wasannin barkwanci na talabijin na Amurka, kuma dole in miƙa rubutun ga mai tacewa kafin yammacin Alhamis. Abin da ya cije mini shi ne kalmar Turanci "set", wato gidan da ake haɗawa da katako a cikin sutudiyo domin a ɗauki wasa a cikinsa. A shirin I Love Lucy, wanda tashar CBS ta fara nunawa a 1951, ana ɗaukar wasan ne da kyamarori uku a lokaci guda a gaban 'yan kallo, saboda haka falon gidan bango uku kawai gare shi, ɗaya gefen kuma an bar shi a buɗe domin kyamarori da jama'ar da ke zaune a kan benci su ga abin da ake yi. Kalmar za ta fito sau da yawa a cikin shirin, kuma mai sauraron rediyo ba shi da hoton da zai duba, don haka ina bukatar suna gajere wanda ba sai na tsaya ina yi masa sharhi a kowace jimla ba.

Malamin Adabi: Wa alaikumus salam, Malama. Ni a ganina "dandamali" ya wadatar, domin shi muke amfani da shi a aji idan muna koyar da wasan kwaikwayo, kuma wannan tsari na ɗaki mai bango uku daga gidajen wasan kwaikwayo na Turai talabijin ta gaje shi. Ki ce "dandamalin falo" da "dandamalin kicin", kowane ɗalibi zai gane. Gefen da aka bari a buɗe kuwa, ki kira shi "bango na huɗu" kai tsaye, tunda ba a taɓa samun wanda ya kasa fahimtarsa ba.

Mai Kyamara: Allah ya gafarta Malam, a nan na ɗan saɓa maka. Dandamali wuri ne mai tudu da ake hawa, alhali irin wannan gida a kan daɓe ake kafa shi, daidai da inda kyamarori suke, saboda a kan tayoyi ake tura su kuma ana bukatar ƙasa mai santsi wadda ba ta da ko da ƙaramar gargada. 'Yan kallo ne ma suke sama a kan benci mai hawa-hawa. Mu da muke sana'ar a Kano, "set" muke cewa idan ginawa aka yi, "lokeshan" kuma idan gidan gaske aka aro ko aka kama haya, wanda shi ne yawancin aikinmu. Malama ta rubuta shi "saiti" kawai ta huta.

Mai Gabatarwa: Na gode, ɗan'uwa, amma idan na ce "saitin falo" a rediyo, uwar gida da ke saurare za ta ɗauka kujeru nake nufi, kamar yadda ake cewa saitin kujeru ko saitin akwatunan lefe. Wannan ne ya sa tun farko na guje shi.

Tsohon Edita: Madalla da kika guje shi, 'yata. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauko kalmar Bature a sa mata wasali a ƙarshe a ce an yi Hausa ba, alhali muna da "kango". Gini ne mai bango amma babu rufi, kuma ba a kwana a cikinsa. Shi wannan abu da kuke magana a kai ba shi da rufi, domin fitilu ne ke rataye a samansa, kuma da an gama ɗauka kowa yake kama hanyar gidansa na gaske. Saboda haka sunansa "kangon wasa". Gajere ne, yana da daɗin faɗa, jam'insa kuma a shirye yake, "kangayen wasa". Na daɗe ina riƙe da wannan kalma, kuma ina ganin lokacinta ya yi.

Mai Zanen Gini: Baba, ranka ya daɗe, batun rashin rufi gaskiya ne, sai dai duk Bahaushen da ya ji "kango" gidan da aka ƙaurace wa zai zo masa a rai, wanda ya fara zubewa, awaki suna shiga suna fita. Wannan kuwa gida ne da aka yi wa lissafi tun daga ƙofa har zuwa wurin ajiye hoto. Bangon gefe biyu ba a miƙe ake kafa su ba, a ɗan wangale ake yin su ta gaba domin wanda ke zaune a ƙarshen benci ya hango kusurwa. Doguwar kujera a tsakiyar falo take, ta juya wa bangon baya ƙeya tana fuskantar 'yan kallo, abin da mutum ba zai yi a gidansa ba sai in akwatin talabijin yana can gefen, kuma da yawa daga cikin shirye-shiryen haka suke nunawa, kamar iyalin suna kallon talabijin alhali kyamara suke kallo. A teburin cin abinci sai ka ga mutum biyar sun cunkushe a gefe uku, gefen da ke kusa da kyamara babu kowa. Matattakalar bene tana bayan falo inda kowa zai ga mai saukowa, amma idan aka hau ta ba ta kai mutum ko'ina sai wani ɗan katako da ake tsayawa a jira lokacin fitowa, ɗakunan kwana kuma suna nan a ƙasa a jere da falon. Ƙofar da ke tsakanin kicin da falo a The Cosby Show, wanda aka fara a 1984, irin mai lilo ce da ake turawa ta kowane gefe, saboda a samu wurin da mutum biyu za su keɓe su yi gulmar na uku, sannan wani ya faɗo musu ba sallama. Kalmar da za a zaɓa ya kamata ta nuna cewa an tsara wurin ne da gangan domin idon mai kallo, kuma "kango" yana nuna akasin haka.

Tsohon Edita: Hajiya, na ji bayaninki, amma kafin mu je ga kango, ku dubi yadda kuke rubutu: falo, kicin, sutudiyo, benci. Ina zaure, ina madafi? Idan shirin rediyo na Hausa ba zai iya siffanta gida da Hausa ba, to me zai iya siffantawa? Haka aka yi ta sakaci har yaranmu suka wayi gari ba su san shigifa ko turaka ba.

Malamin Adabi: Baba, a wannan gaɓa dole in kare Malama, domin idan ta ce "zaure" ta ɓata ma'anar shirinta baki ɗaya. Aikin zaure shi ne tsayar da baƙo a waje domin kada ya ga cikin gida. Falon waɗannan wasanni an yi shi ne domin baƙo ya faɗo tsakiyar iyali. A All in the Family, wanda aka fara a 1971, ƙofar waje kai tsaye take buɗewa cikin falon da maigida Archie Bunker yake zaune a kan kujerarsa, saboda haka duk maƙwabcin da ya ƙwanƙwasa, da shi da rigimar da ya kawo a gaban matar gida da 'yarta da surukinta suke sauka. Kujerar nan ta yi suna har aka kai ta gidan tarihi na Smithsonian a 1978. Da a ce gidan yana da zaure, da rabin barkwancin a can zai ƙare ba wanda ya gani. "Falo" kuwa ya daɗe da zama ɗan gida a Hausa, kuma yana nufin ainihin abin da ake magana a kai.

Ɗan Damagaram: Ya zama ɗan gida a wajenku, Malam. Mu a Nijar "salo" muke cewa, daga Faransanci, kuma wannan abu da kuke ta faman nema masa suna masu aikin talabijin a wajenmu "dekor" suke kiransa. Ban kawo su domin a ɗauka ba, na kawo su ne domin a tuna cewa rediyo ba ta tsayawa a kan iyaka. Kullum idan an zo zaɓen kalma, abin da aka saba ji a Kano shi ake kira Hausa, namu kuma a ce karin harshe ne. Idan aro za a yi, ban ga abin da ya sa aron Turanci ya fi na Faransanci daraja ba. Saboda haka ni ina bayan Baba a kan a ƙirƙiro kalma daga cikin gida wadda Maraɗi da Zariya za su ji daidai, ko da yake ni ma "kango" bai kwanta mini ba.

Tsohon Edita: To kun ji, ga ɗan'uwanmu daga Damagaram ya faɗi abin da nake faɗa. Bargery Bature ne, amma ya zagaya ƙasar Hausa yana tattara kalmomi daga bakin mutane har ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Jami'ar Bayero ta fitar da nata a 2006. Mu kuma da muka gaji harshen muna jin nauyin buɗe su, mun fi son mu faɗi abin da zai nuna mun je makaranta. Ma'anar kalma faɗaɗa take yi idan aka yi amfani da ita, kuma idan rediyo ta maimaita "kangon wasa" na wata shida babu wanda zai sake tuna awaki.

Mai Kyamara: Baba, ba nuna boko ba ne. Idan na ce wa yaran aikina su kai fitilu kango, wallahi kangon bayan layi za su nufa.

Malamin Adabi: Tunda an ƙi dandamali, ga wata shawara daga cikin gida kamar yadda ɗan'uwanmu na Damagaram ya nema: "gidan bango uku". Yana ɗauke da siffar da ta raba shi da gidan gaske, kuma yana shirya kunnen mai sauraro ga "bango na huɗu" idan Malama ta zo kansa.

Mai Kyamara: Ya dace da wasannin da ake ɗauka a gaban 'yan kallo, amma ba dukansu ne haka ba. The Brady Bunch, wanda aka nuna daga 1969 zuwa 1974, da kyamara ɗaya aka ɗauke shi kamar fim, babu 'yan kallo, dariyar da ake ji ma naɗaɗɗiya ce aka ɗora daga baya. A irin wannan aiki bangon da ake iya cirewa ake yi, a ɗage wannan a mayar da wancan gwargwadon inda kyamara za ta tsaya, don haka ba za a ce bangonsa uku ba, ba kuma za a ce huɗu ba.

Mai Zanen Gini: Kuma wannan shiri shi ne misalin da ya fi nuna dalilin da Malama take bukatar kalma biyu masu bambanci. Gidan da ake nunawa daga waje gidan gaske ne a unguwar Studio City ta Los Angeles, cikinsa kuma bai yi kama da abin da ake gani a talabijin ba ko kaɗan, har sai da aka manna masa tagar bogi domin a nuna kamar yana da bene irin na wasan. Maigidan a cikin labarin mai zanen gini ne, amma yara shida banɗaki ɗaya suke rabawa, kuma ba a taɓa nuna masai a cikinsa ba, irin kawaicin talabijin na wancan zamani da ya sa ma'auratan I Love Lucy kowa da gadonsa. A 2018 tashar HGTV ta sayi gidan na gaske a kan dala miliyan 3.5, ta sake gina cikinsa domin ya zama kamar na sutudiyo, har da matattakalar nan da aka san shirin da ita. Wannan labari ba zai faɗu a rediyo ba sai da suna ɗaya na gidan da ke kan titi da wani na gidan da ke cikin sutudiyo. Ni zan ce "gidan gaske" da "haɗaɗɗen gida", tunda haɗa shi ake yi gaɓa-gaɓa kuma ana kwance shi.

Ɗan Damagaram: Hajiya, a bakin matasan yanzu "haɗaɗɗen gida" gida ne mai tsada wanda ya ji kayan alatu. Wannan ba zai zauna a kan gidan The Honeymooners na 1955 ba, inda direban bas da matarsa suke zaune a Brooklyn, kuma abin da aka fi nunawa a gidan ɗaki ɗaya ne mai tebur da kujeru da wurin wanke-wanke, ko labule babu a taga. "Shiryayyen gida" ya fi, domin yana nuna an shirya shi ne, kuma kunne yana jin ƙanshin abin da ba na gaske ba a cikinsa.

Mai Gabatarwa: Na gode muku duka, lokaci ya ƙure mini. Ga abin da zan yi. A farkon shirin zan ce "shiryayyen gida, wato gidan katako marar rufi da ake kafawa a sutudiyo, wanda masu sana'ar ke kira set", daga nan kuma in ci gaba da "shiryayyen gida", "shiryayyen falo" da "shiryayyen kicin". Zan riƙe "bango na huɗu" na Malam. Falo zai zauna a matsayin falo, amma sau ɗaya zan ce "falo, ko salo" saboda masu sauraronmu na Nijar, kuma zan ɗauki bayanin zaure in sa shi a shirin domin a ga bambancin. Na san kalmar ba za ta yi aiki ba idan abin da aka kafa ofis ne ko kanti ko jirgin ruwa, amma shirin Asabar a kan gidaje ne kawai.

Malamin Adabi: Wannan siffantawa ce, ba suna ba ne, kuma a aji zan ci gaba da cewa dandamali har a samo wanda ya fi shi. Amma don rediyo ba laifi.

Tsohon Edita: Ba kalmar Bature ba ce, wannan kam na yarda. Sai dai gaɓoɓinta sun yi yawa, kuma ranar da za ki yi shiri a kan ofis ko mashaya za ki dawo nan ki sake tambaya. Kicin ɗin nan dai, 'yata, ki mayar da shi ɗakin girki ko da sau ɗaya ne.

Mai Gabatarwa: Za a yi haka, Baba, a sakin layi na biyu.