Nasiha ce, shawara ce, ko jinya? Neman sunan zaman masu damuwa ɗaya

Masu fassara, ma'aikatan gidajen rediyo da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, ku matso, ga wani abu da ya daɗe yana yawo a tsakaninmu ba a raɗa masa suna ba: wanda Turawa ke kira group counselling. Wasu suna rubuta "nasihar rukuni", wasu "ba da shawara a ƙungiyance", wasu kuma sun gaji sun bar shi "kansilin" kawai. A ganina duka ukun sun kauce hanya.

Ba a raɗa wa ɗa suna ba a gan shi ba. Ga yadda abin yake: mutum 6 zuwa 10 masu damuwa iri ɗaya ko makusanciya, su zauna a kewaye suna fuskantar juna, galibi sau ɗaya a mako na kimanin awa ɗaya da rabi, tare da ƙwararre ɗaya ko biyu. Kafin a saka mutum sai an gana da shi shi kaɗai, an ga ko zaman zai amfane shi. Akwai ranar farawa, akwai ta rufewa, akwai sharuɗɗan da aka amince da su tun a zaman farko.

A 1905 wani likita a birnin Boston na Amurka, Joseph Pratt, ya fara tara talakawa masu tarin fuka mako-mako don ya koya musu yadda za su kula da kansu a gida. Darasi ya shirya, amma sai ya lura cewa ganin wanda ya fara samun sauƙi yana ƙarfafa sauran fiye da yadda ya zata. A lokacin yaƙin duniya na biyu, likitocin ƙwaƙwalwa Wilfred Bion da S. H. Foulkes sun gwada irin wannan zama da sojojin da yaƙi ya taɓa wa hankali a asibitin Northfield da ke Birmingham, a Ingila. A 1970 Irvin Yalom, likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya jera dalilan da ke sa zaman ya yi magani: mutum ya gane ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba, ya ga wanda ya riga shi fita ya sa rai, ya ji cewa shi ma, da duk raunin da ke tare da shi, ya amfani wani. Ku duba da kyau, yawancin waɗannan daga bakin 'yan zaman suke fitowa. Ƙwararren aikinsa ya tsare hanya.

To a nan nasiha ta faɗi. Wani dattijo, malamin makaranta ne, ya nace mini cewa nasiha ta wadatar tunda kalma ce mai daraja kuma kowa ya san ta. Allah ya gafarta Malam, darajar ce matsalar. Nasiha daga sama take saukowa: uba ga ɗa, malami ga almajiri, uwa ga amarya ranar da za a kai ta. Wanda ake yi wa nasiha sunkuyar da kai yake yi, ya ce "to, na gode, Allah ya saka da alheri". Idan matar da ta rasa mijinta ta ji an ce ta zo nasiha, za ta zo da shirin a ce mata ta yi haƙuri, abin da ta riga ta ji daga kowa tun ranar zaman makoki. Ba za ta zo da shirin buɗe baki ba. Bruce Tuckman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna a 1965 cewa rukuni kan bi ta matakin saɓani da ja-in-ja kafin ya daidaita ya kama aiki, kuma masu wannan sana'a ba sa ɗaukar wannan matakin a matsayin ɓaraka. A wurin nasiha kuwa, musu rashin ladabi ne.

Ƙungiya ba ta buƙatar dogon bayani. Da an ambace ta sai a fara neman shugaba, ma'aji da kuɗin wata.

Majalisa ta fi jan hankalina, ko fada yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa. Sa'o'in juna ne, a tabarma ɗaya, kowa da bakinsa. Sai dai majalisa ba ta da ƙofa. Mai wucewa ya yi sallama ya zauna, kuma abin da aka faɗa da la'asar, kafin isha'i ya zaga unguwa. Wannan zaman kuwa a kan amana ya tsaya. Ƙwararren ƙa'idar aikinsa ta ɗaure shi, amma sauran alkawari kawai suka ɗauka, shi ya sa ake gaya wa kowa tun farko cewa babu mai iya ba shi tabbacin bakin wani. Ga mutanen da suka tashi a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sunan da ke ƙamshin hirar bakin titi zai kori wanda ya fi kowa buƙatar zuwa.

Abin da nake ba da ƙarfi a kai shi ne kalmar "juna". Ita ce ke ɗauke da nauyin. Ba da shawara hanya ɗaya ce, yin shawara kuwa sai da abokin yi, kuma "juna" tana tsayar da ma'anar a kan ta biyun. Don haka: zaman shawarar juna. Wannan ya dace da na ɗaliban sakandare masu fargabar jarrabawa, da na sababbin ma'aurata, da na iyayen yara masu sikila, mutanen da lafiyarsu ƙalau, nauyi ne kawai ya yi musu yawa.

Wanda ake yi a asibiti ga masu ciwon damuwa ko masu fama da shaye-shaye, wato group therapy, shi na fi so a kira zaman jinyar juna. Ku ji yadda Hausa ta yi mana aikin tun kafin mu zo: idan aka ce "yana jinya", shi ne marar lafiyar, idan aka ce "tana jinyar babanta", ita ce mai kula. Kalma ɗaya ta riƙe ɓangarorin biyu, kuma kowane ɗan zama duka biyun yake yi a awa ɗaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja hankalina cewa kalmar za ta iya tsorata wasu, su ce "ni ba mahaukaci ba ne". Gaskiyarki, Hajiya, dalilin da ya sa ban yarda a haɗa su a suna ɗaya ba ke nan.

Kada a ɗauka abin sai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna. Binciken da aka wallafa a 2003 daga ƙauyukan Rakai da Masaka a Uganda ya nuna cewa mutanen gari da aka horar na ɗan lokaci sun jagoranci irin wannan zama na mako 16, maza daban mata daban, kuma ciwon damuwar mahalarta ya ragu sosai. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar aiki mai zama 8 a kan wannan tsari. Duk mai son ya fassara ta don sansanonin 'yan gudun hijira na Borno, tun a bangon farko zai ci karo da matsalar sunan wannan zama.

Saura sunayen mutanen ciki. Ƙwararren a ce masa jagoran zama, don "shugaba" zai maido mu wurin nasiha. Sauran a ce mahalarta ko 'yan zama. Wani ya kawo "abokan zama", na ce ya gwada shiga ɗakin da mata takwas ke zaune ya gaya wa kowacce cewa ta kusa da ita abokiyar zamanta ce, ya dawo ya ba mu labari.