Kwamfutata tana mutuwa ta tashi da kanta idan ina buga gem, ina matsalar take?

Mai Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masana kwamfutar tebur. Duk lokacin da na shiga gem mai nauyi, bayan minti 10 zuwa 25 sai allo ya yi baƙi ƙirin, fankoki su tsaya kamar daƙiƙa biyu, sannan ta tashi da kanta. Babu shuɗin allo, babu wani saƙon kuskure. In kuwa rubutu nake yi ko kallon bidiyo ko yawo a intanet, sai ta wuni ko gezau.

Ga abin da ke cikinta: furosesa Ryzen 5 5600X, madabod B550, RAM DDR4 guda biyu masu 8GB kowanne a gudun 3600 da XMP (saitin da ke ƙara wa RAM gudu) a kunne, Windows 11, sai pawa saflai mai wat 650 da ya shekara biyar yana aiki. Katin girafik RTX 3080 ne, makonni uku da suka wuce aka saka shi a gurbin GTX 1660 Super. Na sabunta direban katin, na hure ƙura, amma ba ta sake zani ba. Ba na so in sayi abin da ba shi ne ya lalace ba. Daga ina zan fara?

Tsohon Injiniya

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa sukurudireba, bari kwamfutar ta faɗa maka da bakinta irin mutuwar da take yi, domin iri biyu ce kuma maganinsu daban. Akwai wadda Windows ke ganin kuskure ya tsayar da komai da kansa, ya rubuta dalili, ya sake tashi. Akwai kuma wadda wuta ke yankewa kafin Windows ya ankara.

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, ka buɗe Settings da ke ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan duk kuskuren da Windows ya kama zai tsaya a allo har ka karanta. Sai ka buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, ka zaɓi System, ka nemo Kernel-Power mai lamba 41 a daidai lokacin da ta mutu. Mutane da yawa na ganin 41 sai su ce pawa saflai ne, alhali abin da lambar ke nufi kawai shi ne ba a kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace ba. Ko filogi ka zare za ka ga 41. Abin dubawa yana cikin Details, wato BugcheckCode. In ka ga 292, shi ne 0x124, kuskuren na'ura ne, galibi furosesa ko wutar da ke zuwa masa. In 278 ne, 0x116 ke nan, kati ko direbansa ya daina amsawa. In 26 ne, RAM za ka fara tuhuma. In kuma 0 ka gani, sannan babu sabon fayil a C:\Windows\Minidump, inda Windows ke ajiye bayanin irin wannan kuskuren, to Windows bai samu damar cewa uffan ba. Ka duba kuma ko akwai WHEA-Logger, wato rahoton kuskuren na'ura, mai lamba 18 ko 19 a kusa da lokacin.

Yadda ka kwatanta, zuciyata ta fi karkata ga wuta. Tsohon katinka wat 125 yake ci, sabon kuma 320, kusan wat 200 ke nan ka ɗora wa pawa saflai ɗin da ya riga ya tsufa. Kamfanin Nvidia ma wat 750 ya ba da shawara ga 3080. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: ka saka manhajar MSI Afterburner, ka ja Power Limit, wato iyakar wutar da katin zai ci, zuwa kashi 70, ka danna Apply, ka buga gem ɗin da ya fi saurin kashe ta na awa biyu. Ka dawo mana da sakamako.

Mai Gyaran Madabod

Injiniya ya yi magana mai kyau, sai dai kada a yanke wa pawa saflai hukunci tun ba a saurari sauran ba. Sabon kati yakan tono matsalar da ta daɗe a kwance. 3080 na zubar da zafi mai yawa a cikin akwatin, kuma wannan iskar mai zafi ita RAM da furosesa da sassan daidaita wuta na madabod ke shaƙa.

Ɗan'uwa, ka sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da wutar sassan kwamfuta, ka buɗe Sensors, ka kunna Logging domin ya riƙa rubuta komai a fayil. Ko ta mutu, layukan ƙarshe na fayil ɗin za su nuna halin da take ciki dab da mutuwar. Iyakar 5600X digiri 95 ce, amma a gem ya kamata ka gan shi tsakanin 60 da 80. A katin kuma abu uku za ka kalla: zafinsa na gama-gari, Hot Spot (wurin da ya fi zafi), da Memory Junction (zafin memorin katin). Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a 3080 saboda irin memorinsa, GDDR6X, na da zafi, kuma a wajen digiri 110 katin ke fara rage gudu don kare kansa. Ka sani dai zafi yakan fara da rage gudu, gem ya riƙa cijewa, kafin a kai ga mutuwa. Mutuwa farat ɗaya ba tare da cijewa ba ba kasafai zafi ke kawo ta ba, sai in abin sanyaya furosesa bai zauna daidai ba ko famfon mai sanyaya da ruwa ya tsaya. Ka cire murfin gefe ka buga gem a haka. In ta ƙara daɗewa sosai kafin ta mutu, akwai hannun zafi a ciki.

Sai RAM. Abin da AMD ya lamunce wa 5600X a hukumance 3200 ne, don haka 3600 ƙarin gudu ne, ko da yake yawancinsu na ɗauka lafiya. Ka shiga BIOS ka kashe XMP, wasu madabod na kiransa DOCP, RAM zai koma 2133 ko 2400 ko 2666 gwargwadon yadda aka ƙera shi. In kana da PBO ko Curve Optimizer, saitunan ƙara wa furosesa gudu, a kunne, su ma ka mayar da su Auto. Ka tabbata RAM ɗin na cikin rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, wato A2 da B2. Ka sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a filash ya yi zagaye huɗu, kuskure ko guda ɗaya ne ba a yarda da shi ba.

Amma don Allah abu ɗaya za ka canza a lokaci guda. In ka kashe XMP, ka rage wutar kati, ka buɗe murfi duk a tare ta daina mutuwa, ba ka san wanne ya yi maganin ba.

Mai Tambaya

Allah ya saka da alheri. Ga abin da na samu. BugcheckCode 0 ne a duk wuraren da 41 ta fito, babu fayil a Minidump, babu WHEA. A layin ƙarshe na HWiNFO furosesa 74 ne, kati 71, Hot Spot 84, Memory Junction 96. Da XMP a kashe ta mutu a minti 18. MemTest86 ya gama zagaye huɗu babu kuskure. Da na mayar da XMP na sa Power Limit a 70, awa biyu da rabi ba ta mutu ba. HWiNFO na nuna layin 12V a 11.9, wanda na ga kamar lafiya ne. Wani abu kuma: waya ɗaya ce ta fito daga pawa saflai mai kai biyu, ita na soka a ramukan katin guda biyu.

Ɗan Lantarki

Malam, wannan wayar da ka ambata a ƙarshe ita ya kamata ka fara faɗa. Bari mu yi lissafi. Ramin PCIe na madabod, inda katin ke zama, ba ya ba kati fiye da wat 75, kowane kai mai fil 8 kuma an tsara shi a kan wat 150. Kati mai cin 320 zai ja kusan wat 250 ta wayoyin nan. A bolt 12 wannan ya kai amfiya 20 da ɗoriya. Waya ɗaya mai kai biyu siraran wayoyi uku kacal ke ɗauke da 12V a cikinta, kowacce za ta ɗauki wajen amfiya 7, kuma duk ta kai ɗaya suke shiga pawa saflai in mai cire wayoyi ne. Wuta na raguwa a hanya, fil na zafi. Ka kashe kwamfutar, ka zare ta daga soket, ka zaro kawunan ka haska da tocila. In robar ta yi launin ƙasa-ƙasa ko wani fil ya yi baƙi, kada ka sake amfani da wannan wayar. In pawa saflai ɗin na da waya ta biyu ta PCIe, ka ba kowane rami wayarsa.

Game da 11.9 da ka gani, kada ta rufe maka ido. Ƙa'idar ATX da aka ƙera pawa saflai na zamanin naka a kanta ta yarda layin 12V ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, don haka lambar ba ta da laifi. Matsalar ita ce HWiNFO duk bayan daƙiƙa biyu yake ɗaukar awo, abin da ke kashe kwamfutarka kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Katuna irin 3080 kan yi wani fizgar wuta na ƙiftawar ido da ke haura wat 450, musamman idan hoto ya sauya daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kamar fitowa daga menu ko fashewar wani abu a gem. Maltimita ma ba ta kama wannan, sai osiloskof, na'urar da ke zana yadda wuta ke hawa da sauka. Idan fizgar ta zo, ko dai kariyar cikin pawa saflai ta ga an wuce iyaka ta yanke wuta, ko kuma 12V ya faɗi ƙasa na ɗan lokaci, siginar da ke shaida wa madabod cewa wuta lafiya take ta ɗauke, madabod ya sake tashi daga farko. Kafasitocin ciki su ke cike wannan giɓin, kuma shekara biyar a cikin zafi na rage musu ƙarfi. Shi ya sa lissafin 320 na kati da 76 na furosesa da kamar 50 na sauran kaya ke ba ka 450 a takarda, ka ga kamar 650 ya wadatar, amma a aikace ta mutu.

Ka kuma duba abin da ke tsakanin kwamfutar da bango. In ta UPS take bi, ka karanta wat ɗinsa, kada ka tsaya a VA. Mai 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 ne kawai, bai isa wannan kwamfutar ba. Ka soka ta kai tsaye a soket yayin gwaji, ban da ekistenshan mai sako-sako.

In ya tabbata sai an canza, ka nemi mai wat 850 ko aƙalla 750 na kamfanin kirki mai garanti mai tsawo. Wanda ke ɗauke da ATX 3.0 ko 3.1 ya fi, domin ƙa'idar ta wajabta masa jure ninkin ƙarfinsa biyu na ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma ainihin ciwon da kake fama da shi ke nan. Tambarin 80 Plus na Bronze ko Gold ƙarancin asarar wuta yake aunawa, ba shi ne shaidar jure fizga ba. Gargaɗi biyu da nake so ka riƙe da kyau. Kada ka bar tsoffin wayoyi a jiki ka soka su a sabon pawa saflai don gudun wahalar ja, ko da kan ya shiga daidai. Tsarin fil a ɓangaren pawa saflai ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma a kamfani ɗaya, kuma 12V na iya faɗawa inda 5V ya kamata ya je ya ƙone SSD nan take. Na biyu, kada ka kwance murfin pawa saflai don gyara ko hure ƙura. Babban kafasitan ciki na riƙe wuta ta kusan bolt 400, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare filogi.

Mai Gyaran Madabod

Sakamakon ya wanke RAM da zafi, na yarda. Saura ƙiris dai. Rage Power Limit na sauƙaƙa wa pawa saflai, amma yana sauƙaƙa wa sassan wutar katin shi kansa. In katin na hannu ne kuma sassan nan sun gaji, gwajin kashi 70 zai ba da irin wannan sakamakon sak. Abin da zai raba gardama shi ne ka ari lafiyayyen pawa saflai mai 750 ko sama da haka, ka haɗa shi da wayoyinsa ko a wajen akwatin ne, ka mayar da Power Limit 100, ka kunna gwajin Power na manhajar OCCT na minti 30. Wannan gwajin na matsa wa furosesa da kati lamba a tare. In ta mutu da na aron ma, kati ne ko madabod, sai ka kai katin wata kwamfuta a gwada.

Ƙaramin abu ɗaya da ake mantawa: ka zare wayar RESET SW daga madabod yayin gwajin. Maɓallin da ya lalace kan haɗe da kansa, kuma shi ma 41 mai lamba 0 yake bari.

Mai Tambaya

Na duba kawunan, babu ƙuna. Na samu waya ta biyu a kwalin pawa saflai ɗin, na ba kowane rami tasa, na soka kai tsaye a bango. Gem ya kai minti 50 kafin ta mutu, OCCT kuma ya kashe ta a minti 4. Da na aro mai wat 850, OCCT ya cika minti 30, gem awa uku a kashi 100 babu matsala. Kafin in samu sabo, zan iya ci gaba da tsohon a kashi 70?

Ɗan Lantarki

Za ka iya na ɗan lokaci, da wayoyi biyun a jiki. Ka adana saitin a Afterburner ka kunna alamar da ke sa ya hau da kansa idan Windows ya tashi, in ba haka ba duk kunnawa zai koma 100. Ka ƙara da kulle yawan hotuna a 60 cikin daƙiƙa daga saitin gem ɗin ko na direba, hakan na rage fizgar sosai. In ta mutu ko sau ɗaya a kashi 70, ko ka ji ƙauri, ko wani ƙara kamar tartsatsi daga bayan akwatin, ka cire 3080 ka mayar da 1660 Super har sabon pawa saflai ya iso.