Kwana nawa ne daga farkon shekarar Hijira zuwa 1447?

Jama'a, masana lissafi da ilimin falaki a taimaka mini, abin nan ya tsaya mini a wuya. So nake in san ko kwana nawa ne, kuma wata nawa ya tsaya tun 1 ga Muharram na shekarar farko ta Hijira, wato 16 ga Yuli 622, zuwa shigowar 1447 a ƙarshen Yunin 2025.

Ta ɓangaren kalandar Musulunci babu wahala: shekara 1446 sau 12, wata 17,352. Matsalar tana tasowa idan na bi ta kwanaki, wato na ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranakun biyu na raba su wata-wata. Idan na ɗauki wata a kwana 29 da rabi, sai in samu rarar wata kusan 18, domin ainihin zagayen kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Mintocin nan da ake rainawa su ne suka taru suka haura kwana 500. To na koma ɗaukar wata a kwana 29.530588, ya matso sosai, amma har yanzu 'yan kwanaki suna yi mini gardama.

Zargina yana kan kalandar Turawa. Ranar 16 ga Yuli ɗin ta tsohon lissafin Juliyas ce, kuma a Oktoban 1582 an tsallake kwana 10. Shin 10 zan cire, ko akwai wani gyara na shekarun da Fabrairu ke yin 29? Manhajar lissafi ta Excel kuwa ba ya karɓar kwanan wata kafin 1900, sai ya mayar da shi rubutu kawai.

Sannan wace rana zan ɗauka a 2025, ta sanarwar Sarkin Musulmi ko ta kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya? Wanda ya san hanya ya nuna mini dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.